Idan karatu ya yi wa yaro nauyi, ga abin da iyaye za su yi

Kafin a kai ga faɗa ko nasiha, abu na farko da ya kamata uba da uwa su yi shi ne su ɗauki biro da takarda su rubuta yadda ranar yaronsu take tafiya tun daga asuba har ya kwanta. Da gaske nake fa, a rubuta, don in dai a ka ne kawai kowa zai ce ai yaran yanzu hutu ya yi musu yawa. Ɗauki yaro ɗan JSS 2 a Kano ko Zariya ko Gusau. An tashe shi sallar asuba, ya yi tilawa, ya yi wanka ya kurɓi koko a tsaye saboda mai adaidaita sahu yana ta hon a ƙofar gida, boko har ƙarfe biyu, sannan ga lesin ɗin dole da makarantar ta ƙaƙaba har wajen uku da rabi, ya dawo gida ya cire wannan yunifom ya saka wancan ya ruga Islamiyya har shida, bayan magariba akwai makarantar dare a wasu unguwannin, sai bayan isha'i zai buɗe jaka ya tarar da aikin gida na darasi uku, ga shi an ɗauke wuta, da fitilar wayar mamansa zai yi. Asabar da Lahadi kuma tahfiz daga safe har la'asar. Alhamis da Juma'a da Islamiyya take hutu, a nan ne aka cusa malamin lesin na gida.

To yanzu ka duba takardar nan ka nemo min inda aka rubuta wasa. Ka nemo inda yaron yake zama haka kawai ba wanda yake jiran wani abu daga wajensa. Sannan ka lissafa awa nawa yake barci.

Maganar barcin nan ba ƙarama ba ce. Likitocin da suka ƙware a harkar barci sun ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a rana, ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yaron da yake kwanciya sha ɗaya a tashe shi biyar, awa 6 ya samu, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana, shi ya sa za ka ga yaro ya kwana yana bitar abu da safe ya nemi rabinsa ya rasa. Sai a ce ba ya ja. Alhali barci ne bai ishe shi ba. Wannan dabi'ar ta manyan 'yan sakandare ta shan Nescafe ko cin goro ko tsoma ƙafa a bokitin ruwa don kada barci ya ɗauke su, a daina yaba musu a kai, asara suke yi.

Abin da za a rage

Idan lissafin ya nuna kaya sun yi yawa, to sai an sauke wani abu, ba wata dabara. Kuma na san inda gardama take, kowa zai ce ba dai a taɓa karatun addini ba, ni ma ban ce a taɓa ba. Amma ai ana iya zuwa wajen malamin Islamiyya da ladabi a ce malam, yaron nan zai shiga jarabawa wata mai zuwa, a rage masa hadda ya tsaya a kan muraja'a har ya gama. Mafi yawan malamai ba sa ƙi, matsalar dai iyayen ne ba sa zuwa, sai a bar yaro yana shan bulala a can saboda bai kawo hadda ba, yana shan wata a boko saboda bai yi aikin gida ba, ya dawo gida a ɗora masa ta uku.

Lesin shi ne abin da na fi ganin ya kamata a fara dubawa. Da yawa daga lesin ɗin da ake biya maimaicin abin da aka yi da safe ne, malami ɗaya, allo ɗaya, yara sun gaji shi ma ya gaji. In yaronka lissafi ne yake ba shi wahala, nema masa mai koya masa lissafin kaɗai sau biyu a sati, ya fi a tara masa darasi tara kullum. Sannan a ware masa wani lokaci a sati da yake nasa ne, ya buga ƙwallo, ya hau keke, ya je gidan kakarsa, kuma kada a mayar da wannan lokacin abin da ake ƙwacewa duk ranar da ya yi laifi.

'Ya mace kuma nata lissafin daban ne, don ita bayan duk wannan akwai wanke-wanke da shara da rainon ƙanne da ɗora tukunya, a wasu gidajen har da talla. Ana gobe jarabawa yayanta yana ɗaki da littafi ita tana bakin murhu, rizal ya fito a ce ai dama mata ba sa ja a lissafi. Lokacin jarabawa a raba aikin gidan, mazan ma su ɗauki tsintsiya, ba abin da zai same su.

Yaro ba zai ce miki yana cikin damuwa ba

Tarbiyyarmu ta ginu a kan kunya da kawaici, yaron kirki shi ne wanda ba ya ɗaga ido ya kalli babba, ba ya mayar da magana, in an tambaye shi yaya makaranta ya ce lafiya lau. Wannan abu ne mai kyau, amma yana da tsada, domin yaron da aka koya wa shiru haka zai yi shiru ko da abu yana cinsa. Saboda haka kada ki jira ya zo ya faɗa, jikinsa da halinsa za ki kalla.

Ciwon ciki ko ciwon kai da yake tashi ranar Litinin da safe ya lafa ranar Juma'a da yamma. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance ya dawo yana yi. Wanda da yake cin abinci har ya nemi ƙari yanzu sai ya jagwalgwala ya tashi. Saurin fushi, dukan ƙanne, kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba, cin farce har ya yi jini, ɓoye takardar gwaji a ƙarƙashin katifa ko goge maki da biro, daina fita wajen abokai. Wani kuma akasin haka ne, shi ne na ɗaya a aji, amma in ya samu 85 maimakon 95 sai ya kwana yana kuka, irin wannan iyaye ba sa ganin matsalarsa sam saboda rizal yana kyau, alhali shi ma a tsorace yake rayuwa.

In kin ga haka a fara da asibiti. A duba zazzaɓin cizon sauro, a duba ko jininsa ya yi ƙasa, a duba ido da kunne. Yara nawa ne aka yi shekaru ana kiransu daƙiƙai ashe allo ne ba sa gani daga bencin baya, gilashi kawai suke buƙata. Mai sikila kuma dama an san yana rasa darussa duk lokacin da ciwon ya tashi, bai kamata a auna shi da ma'aunin sauran ba. Akwai kuma yaran da basirarsu lafiya lau, in ka yi hira da su sai ka sha mamaki, amma haruffa ne suke rikice musu wajen karatu da rubutu, wannan lalura ce da aka sani, koyarwa ta musamman take so, duka ba ya gyara ta.

In likita ya ce bai ga komai ba, kada a juyo a ce wa yaro ashe ƙarya kake. Ciwon cikin da fargaba take kawowa ciwo ne na gaske, yana jinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya cikin bakwai yana fama da wata lalurar da ta shafi tunani, kuma fargaba da ciwon damuwa suna gaba-gaba. Ba cutar Turawa ba ce. Mu dai da an ga yaro ya canza sai a ce kambun baka ne ko shafar aljanu, to a yi addu'a, a yi tofi, ba wanda ya hana, amma a haɗa da tambayar me yake faruwa a ajinsu.

Yadda za a buɗe bakinsa

Kada ka ce zo nan zauna ina son magana da kai. Da yaro ya ji wannan ya san shari'a za a yi, zai durƙusa ya sunkuyar da kai ya yi ta cewa to Baba har ka gama. Yara sun fi magana in ba a kallon idonsu, wato a kan hanyar masallaci, ko kana wanke mota yana miƙo maka ruwa, ko ke kina tsinke zogale ta zauna tana taya ki. A nan ake jefa tambaya kamar ba komai.

Kuma tambayar ma a canza ta. Na nawa ka zo, nawa ka ci, waye ya zo na ɗaya, waɗannan duk tambayoyin mai karɓar bashi ne. Gwada irin su wane darasi ne in an shigo yinsa kake jin gabanka ya faɗi, wane malami ne ka fi gane bayaninsa, da wa kake zama lokacin tara, akwai wanda yake takura maka. In ya fara magana, don Allah ka riƙe bakinka. Wannan shi ne wuri mafi wahala, don da ya ce Baba ni fa lissafin nan ba na ganewa, abin da zai zo maka shi ne labarin yadda kake tafiya makaranta a ƙasa ba takalmi kuma kake zuwa na ɗaya. Duk iyayen Najeriya na ɗaya suka yi a ajinsu, har yau ban ga wanda ya zo na ashirin ba. Ajiye labarin. Ce masa to, daga ina ya fara ɓace maka, ɗauko littafin mu gani. Ko kai ba ka iya lissafin ba, zaman da ka yi kusa da shi ka nuna matsalar ta ku biyu ce, ya rage masa rabin tsoron.

Akwai gidajen da uba da ɗa ba sa irin wannan hirar ko kaɗan, musamman ɗan fari da ake jin kunyarsa, uwa ma ko sunansa ba ta faɗa. Ba sai an rushe al'ada ba, ai al'adar da ta kawo kunyar ita ce ta tanadi mafita. Akwai kaka da ake wasa da ita, akwai kawu, akwai goggo ko inna ƙarama, akwai babbar yaya. A cikinsu akwai wanda yaron yake sakin jiki da shi, a gano shi, a ce masa don Allah ka riƙa jan yaron nan da hira. Sharaɗi ɗaya ne, abin da ya faɗa a can kada ya dawo ya zama abin yi masa duka a nan, in aka yi haka sau ɗaya an rufe ƙofar ke nan.

Maganganun da suke karya yaro

Daƙiƙi, jaki, dolo, mai ƙwaƙwalwar kifi. Mu manya mun ɗauke su kamar ba komai saboda da su aka raine mu, amma yaro ɗan shekara tara in uwarsa ta ce masa daƙiƙi yarda yake yi, don a wajensa ita ba ta ƙarya, kuma wanda ya yarda shi daƙiƙi ne me zai sa ya wahalar da kansa da karatu? Haka gorin kuɗin makaranta. Gaskiya ne kuɗin ya yi tsada, kowa yana ji a jikinsa, kuma ba laifi babban yaro ya san ana wahala kafin a biya. Amma kullum ka san nawa na kashe a kanka, ka san bashin da na ci, wannan yana sa yaro ya ji shi kansa asara ne a gidan. Ita kuma mace a ce in kika faɗi aure zan yi miki, an mayar da aure horo, an mayar da jarabawa abin firgita, an ɓata biyu a lokaci ɗaya.

Sai kwatance, wanda shi ne ya fi yawa. Dubi ɗan gidan wane, dubi ƙanwarka ma ta fi ka. Yanzu kuma abin ya koma sitatus, ƙarshen zango kowa ya ɗora rizal ɗin ɗansa da masha Allah, uwar da nata ya zo na 23 tana gani tana ƙuna, ta ajiye waya ta huce a kansa. Ku tuna matsayi a aji ba ya nuna abin da yaro ya sani, yana nuna inda ya tsaya a layi ne kawai, aji mai yara 60 dole wani ya zo na 60 ko da duk hazikai ne. Abin dubawa shi ne makinsa na wannan zangon da na wancan. Ya tashi daga 38 zuwa 51 a Turanci? Wannan ci gaba ne, a faɗa masa an gani, kuma a yabi abin da ya yi, a ce na ga yadda ka dage da karanta littafin nan kullum, ga shi ya biya ka.

A nan dole in taɓo gidajen da ake da mata fiye da ɗaya, don a nan ne matsin ya fi tsanani kuma ba a cika faɗa ba. Rizal ɗin yara ya zama filin da iyaye mata suke fafatawa. Ɗan ɗakin can ya zo na biyu, to ke nan ɗan ɗakin nan ba shi da sauran sukuni, uwarsa za ta sa shi a gaba, so kake a yi mana dariya, so kake a ce 'ya'yana ne ba sa ja, kai ne fa za ka share min hawaye a gidan nan. Yaro ɗan firamare an ɗora masa kishin da ba shi ya haɗa ba. Shi kuma maigida sai ya ƙara wa wutar fetur, ya tara yara a tsakar gida yana karanto sakamako ɗaya bayan ɗaya, ya ba wannan dubu ɗaya ya yi wa wancan tsaki a gaban kowa. Alhaji, in kana son 'ya'yanka su riƙe zumunci bayan ranka, ka daina wannan taron. Kira kowane yaro shi kaɗai ku duba nasa. In za ka yi kyauta, yi ta a kan wanda ya ƙara ƙoƙari a kan na baya, ta haka na 30 da ya dawo na 18 shi ma zai samu. Ke kuma uwa, damuwarki da abokiyar zamanki ki nemi inda za ki kai ta, ba kan yaron ba.

Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, ba wanda ya ce a bar yaro sakaka. A sa masa lokacin karatu, a karɓe waya in lokacin ya yi, a bibiyi aikinsa, a je makarantar a ga fom masta ba sai ranar da aka kira ka ba. Amma tsare gida daban, tsoratarwa daban. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba. Yaron da yake karatu don tsoron bulala abin da yake koya shi ne yadda zai kauce wa bulala, wato kwafar aikin aboki, satar amsa, ɓoye rizal.

Manyan jarabawa da ranar da sakamako ya fito

WAEC da NECO da JAMB su ne inda hankalin gida gaba ɗaya yake tashi, kamar yadda BEPC da BAC suke a Nijar. Tun kafin a shiga, a zauna da yaro a gaya masa a fili cewa muna so ka ci, za mu yi maka duk abin da za mu iya, in kuma ba a dace ba akwai hanya ta gaba kuma kana nan ɗanmu. Wasu suna ganin in an faɗi haka yaro zai saki jiki. Ni abin da na lura da shi, wanda ya shiga ɗakin jarabawa yana ganin rayuwarsa ce gaba ɗaya a kan takardar nan shi ne hannunsa yake rawa ya manta abin da ya sani. Taimakon da yake buƙata na zahiri ne, a samo masa tambayoyin shekarun baya ya yi ta gwadawa da agogo, a kai shi inda zai saba da kwamfuta tunda JAMB a kanta ake yi, a je a ga santar kafin ranar, ya ci abinci, ya yi barci.

Kuma iyaye su san yadda alƙaluman suke kafin su yanke wa yaro hukunci. A JAMB ta 2025, cikin kusan mutum miliyan 2 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A shekarar ce kuma shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito a watan Mayu ya amsa cewa an samu matsalar na'ura da ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, ya ba da haƙuri har da hawaye, aka sake musu jarabawar. Ka yi tunanin yaran da aka zaga, aka kira su malalata a gidajensu a kwanakin da ke tsakanin fitowar sakamakon da wannan bayanin.

Don haka ranar da rizal ya fito ba daɗi, a ranar ba a yin shari'a. Yaron ya riga ya gani, ya fi ka jin zafin. Ce masa Allah ya sa haka ne mafi alheri, tashi ka ci abinci, za mu zauna mu duba. Kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki ya kulle ƙofa, kada a yi maganar a gaban baƙi, 'yan uwa masu bugo waya yaya rizal ɗin wane a ce musu muna dubawa, ya isa. Bayan kwana biyu hankali ya kwanta sai a zauna a baje hanyoyin. Kiredit biyar ake nema har da Turanci, da lissafi ga kwasa-kwasan da suke buƙatarsa, kuma yawancin kwasa-kwasai suna karɓar haɗin zama biyu, wato in Turanci ya faɗi a WAEC ya samu a NECO an wuce wajen, ko ya gyara a ta ƙarshen shekara da muke kira GCE. Akwai IJMB da jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita, wadda in an ci ake shiga aji biyu kai tsaye. Akwai makarantun share fage irin ta Funtuwa da CAS ta Kano. Akwai FCE ta horar da malamai, akwai foli, akwai makarantun jinya da na kiwon lafiya, akwai NABTEB ga mai son fannin sana'a, akwai kuma sake zama JAMB baɗi, wanda mutane da yawa da suke manyan ma'aikata yau sun yi shi. Abin da ba na ba da shawara shi ne a kai yaro irin santocin nan da ake biya a rubuta musu amsa a allo. Ka koya masa cewa kai kanka ba ka yarda zai iya ba, sannan ya je jami'a a kore shi a aji ɗaya.

Abu biyu kuma da iyaye suke jawowa da hannunsu. Na farko gaggawa, a cire yaro daga aji huɗu ko biyar na firamare a kai shi JSS 1 don a ce ɗan wane yana da ƙwaƙwalwa, ya gama sakandare yana 14, alhali ƙa'idar shiga jami'a yanzu shekara 16 ce, ya zo ya zauna a gida, ga shi duk zamansa a makaranta shi ne ƙarami a aji, ba shi da sa'a, manya suna juya shi. Na biyu likita dole. Tun yaro yana rarrafe ake kiransa dakta, ya zo SS 1 a tura shi ajin sayans ko da kemistiri ba ya shiga kansa, ya yi JAMB sau uku yana neman gurbin da dubbai suke rububi a kai, alhali da an bar shi ya yi shari'a ko akanta ko harsuna da tuni ya yi nisa. Tambayi malamansa inda ya fi ƙarfi, tambaye shi shi ma, ra'ayinka yana da muhimmanci amma shi ne zai zauna a ajin.

Inda ba a jira

In yaro ya fara cewa gara ma in mutu, ko na gaji da rayuwa, ko da ba na nan da kun huta, kada a ce iskanci ne ko neman a kula shi, kada kuma a tsaya a kan yi masa wa'azin wuta kawai. A zauna da shi a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. A kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da maganin feshi da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Haka in baƙin ciki da rashin barci da ƙin abinci sun wuce sati biyu ba sauƙi, ko an ga alamar ya fara shan wani abu, don wasu yaran da sunan ƙarfin karatu abokai suke fara ba su tiramol. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitocin Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano da na Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin ɗanka ya haukace, kuma ba dole sai unguwa ta sani ba.

Wanda ɗansa yake makarantar kwana kuma aikinsa ya fi yawa, tunda duk alamun nan ba a gabansa suke faruwa ba. Ranar ziyara kada a tsaya a miƙa garin kwaki da suga da kuɗin kashewa a juyo. A zauna, a kalli jikinsa ko ya rame, a duba ko kayan da aka kawo wancan karon suna nan ko siniyoyi sun ƙwace, a ja shi gefe nesa da abokai da malamai kafin a tambaye shi yadda yake. In hutu ya ƙare ya fara kuka ko zazzaɓi ana gobe komawa, kuma abin yana maimaituwa kowane zango, a je a ga malamin da yake kula da ɗakin kwanansu, a karɓi lambarsa, in an bincika an ga wurin ne bai karɓe shi ba a dawo da shi ta jeka-ka-dawo ko da an riga an biya kuɗin zangon.